Kafin ka sayi harsashin bindigar farauta, duba lambar jikin bututu

Mai shago zai miƙo maka kwali ya ce ai duk lamba 12 ce. Gaskiya ne, amma faɗin ramin bututu kawai ya faɗa maka, wato kimanin milimita 18.5. Tsawon ne ke jawo ɓarna.

Cire katakon gaba, ka ware bututun, ka juya ƙasansa. Za ka ga an buga 12/65, 12/70, 12/76 ko 12/89. Lamba ta biyu tsawon mazaunin harsashi ce a milimita, kuma ana auna ta ne da kwanson da ya riga ya buɗe bayan harbi. A nan mutane ke ruɗuwa: harsashin 76 da bakinsa ke naɗe yana shiga mazaunin 70 sumul, bindiga ta rufu ƙas. Da an harba, naɗin ya rasa wurin buɗewa, ya miƙe cikin inda bututu ya fara tsukewa, hanya ta ragu, matsin wuta ya hau. Ma'aunin Turai ya tsayar da matsin 12/70 na yau da kullum a 740 a awon matsi da ake kira "bar", magnum kuwa, wato harsashi mai ƙarin ƙarfi irin na 76, yana kai 1,050. Wata rana bindigar ta jure, wata rana makulli ya saki ko bututu ya tsage daidai inda hannun hagu ke riƙe.

Gajere a dogon mazauni ba laifi. Mai 12/76 ya sayi 70 hankali kwance, ga sauƙin kuɗi ga ƙarancin dukan kafaɗa, kuma ya ishi zabo da fakara. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa 65 ne, su 65 ɗin za a nema musu.

Lamba 20 kuwa kada ma ta kwana a aljihu ɗaya da lamba 12. Siririya ce, tana zamewa ta maƙale can gaba, mazauni ya zama kamar babu komai. Mai harbi ya ɗora lamba 12 a bayanta, bututu ya fashe. Shi ya sa kamfanonin Amurka ke yi mata kwanso ruwan ɗorawa.

Sai zancen ƙwayar ciki. Dalma tana da laushi, tana bin matsin bakin bindiga. Ƙwayar ƙarfe ba ta lanƙwasa, takan kumbura bakin da ya tsuke sosai, ta kuma kankare tsohon bututu. Harsashin ƙwayar ƙarfe mafi ƙarfi sai bindigar da aka buga wa tambarin fure mai ganye uku, matsin bakinta kuma kada ya wuce matsakaicin nan da ake kira rabi. Dunƙulalliyar dalma guda ta manyan namun daji ta fi son baki sakakke.

Bindigar da maƙeri ya haɗa da fayif ɗin ruwa ba ta da lamba, ba a kuma gwada ta ba. Babu harsashin kanti da ya dace da ita, kowane iri ne.