Hattara da masu cewa za su "saka maka VT-x"

Jama'a, a yi hattara. Wasu masu sayar da kwamfuta a intanet sun lura ɗalibai da masu koyon rubuta manhaja na neman na'urar da za ta iya ɗaukar wata kwamfuta a cikinta, ta VirtualBox ko VMware ko Hyper-V, sai suka mayar da abin hanyar damfara.

Ƙanina ne ya faɗa hannun ɗaya daga cikinsu. Mutumin ya ce masa kwamfutar sabuwa ce dal, mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i7, amma sai ya ƙara wani abu a kan kuɗin kafin a "saka masa VT-x", wato fasahar da ke taimaka wa na'ura ɗaukar wata kwamfuta a cikinta. Ƙarya ce tsagwaronta. VT-x ba manhaja ba ce da ake ɗorawa, a jikin furosesa take tun daga masana'anta. Intel, mai ƙera furosesa, ta fara sa ta a 2005, takwararta AMD ta biyo baya da tata, AMD-V, a 2006. In furosesar na da ita, kunnawa kawai ake yi a BIOS, wato shafin saitunan na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi, kyauta, aikin minti biyu. A na'urorin AMD galibi SVM Mode za ka ga an rubuta. In kuwa babu, ko nawa ka biya ba mai iya saka maka.

Da kaya suka iso, ga tambarin i7 manne a gefen madannai, Windows ma i7 take nunawa. Yaro sai murna. Ni dai hankalina bai kwanta ba, na sa manhajar CPU-Z, wadda ke karanto bayani kai tsaye daga furosesar. Sai ga wata tsohuwa mara ƙarfi. Ashe sunan da Windows ke nunawa rubutu ne kawai a rajistarta, inda take ajiye saitunanta, ana iya sauya shi. Tambari kuwa, ai kowa na iya liƙawa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da muka danna F2 don shiga BIOS: an kulle da kalmar sirri. Alamar tsohuwar kwamfutar wani ofishi ce aka goge aka sa a kwali. Ko tana da VT-x, ba mu da hanyar kunna ta.

Kafin ka tura ko sisi, a kunna kwamfutar a gabanka. Shiga BIOS da hannunka, ka tabbatar ba a kulle ba. Ɗauki cikakkiyar lambar furosesar, ba "i7" kawai ba, ka duba a shafin Intel ko AMD ko tana da VT-x ko AMD-V. Sannan buɗe Task Manager na Windows, ɓangaren CPU, ka ga ko an rubuta Virtualization: Enabled, wato a kunne take. Wanda ya ce sauri yake ba zai jira wannan ba, bar masa kayansa.

Namu mutumin, tun ranar da muka tura masa hoton CPU-Z, lambarsa ba ta sake shiga ba.