Tiren naɗin taba: ɗauki na ƙarfe, ka bar na gora a hoto

Ɗan'uwa, tsakanin tiren naɗin taba na ƙarfe da na gora da ka ce sun raba maka hankali, ɗauki na ƙarfe. Babba, mai zagayayyen lungu, in da hali mai murfi. Duka biyun sun ratsa hannuna. Ɗaya yana nan gefen kujerata har yau, ɗayan kuma ya koma wurin tara makullai da matattun batura.

Nawa na ƙarfe ya shiga shekara ta biyar. Tsawonsa santimita 34 ne, faɗinsa kuma wajen 27, wato ya ɗara takardar A4 ta kowane gefe, tunda ita 29.7 ce da 21. Wannan ne ma awon da zan ba ka kafin ka fitar da ko sisi: shimfiɗa takardar A4 a tebur, ka jera mata jakar taba, da takardar naɗi, da filta, da laita, sannan ka gwada naɗi a filin da ya rage. Za ka ga hannunka yana ta karo da kaya. Gajeriyar takardar naɗi santimita 7 ce, doguwar kuma ta kai wajen 11, ga yatsun hannu biyu a gefe da gefe, ga abin da ke zubowa ta bakin nan da bakin can. In kai kaɗai ne, sai ka lallaɓa da ƙarami. Amma tunda zama ake yi a gida mutum uku ko huɗu, kowa yana miƙo hannu, duk abin da bai wuce A4 ba wahala za ka saya.

Abin da ya sa na riƙe nawa, ba kyau ba ne, don ba shi da wani kyau. Lungunsa ne. Irin wannan tiren daga falle ɗaya na ƙarfe ake danne shi, babu haɗi, babu gam, babu ƙusa, saboda haka gindin yana lanƙwasowa ne a hankali har ya zama gefe. In an tashi daga zama, sai in karkata shi, in ƙwanƙwasa gefen da ɗan yatsa sau biyu, duk ɓurɓushin ya gangaro ya taru a lungu ɗaya, in tura shi da kati ya koma jaka. Ko minti ɗaya ba ya ci. Wanda bai saba naɗi ba zai ce wannan ai ƙaramin abu ne, amma kai ka san yawan abin da ke zubewa a dare guda in hannu ya yi yawa.

Akwai wani dare da muna zaune mu huɗu, wani abokina ya zabura zai ɗauki waya, gwiwarsa ta daki tebur. Tiren ya sulale, ya faɗi ta gefe, ya jingina da ƙafar kujera. Kowa ya yi tsit yana kallon kafet, don mun san abin da ake nufi da tsintar taba a cikin kafet. Allah ya sa na ɗora murfin ke nan. Na ɗaga, na buɗe, komai yana ciki, ya dai tattaru a gefe ɗaya. Abin da kawai ya samu shi ne ɗan lotsawa a kusurwa, tana nan har yanzu, kuma duk ranar da abokin nan ya zo sai an nuna masa aikinsa.

Murfin nan na maganaɗisu ne, shimfiɗaɗɗe kamar tabarmar roba, yana mannewa a bakin tiren. Yana kamawa ne saboda yawancin waɗannan tirori ƙarfe ne da aka yi wa siririn rufi da kuza, irin na gwangwani, kuma maganaɗisu yana kama ƙarfe. Amma kada ka ɗauka yana hana taba bushewa. Ƙura da iskar fanka yake tarewa, sai ɓari irin wanda na faɗa. In ka bar taba a shimfiɗe ta kwana, da safe za ka tarar tana murmushewa a hannu, ba ta naɗuwa. Mayar da ita jakarta ka rufe. Haka kuma murfin ba makulli ba ne, yaro ɗan shekara biyu zai ɗage shi. In akwai yara ko mage a gidan, a ɗora tiren sama, don nikotin guba ne ga ƙaramin yaro da dabba in suka haɗiyi taba. Mu manya da muka sa kanmu, mun san tire ba ya rage mata illa ko kaɗan, ɓarna kawai yake ragewa.

Ba zan ce na ƙarfe ba shi da aibi ba. Yana da ƙara, in ka jefa laita a ciki da tsakar dare duk gidan sai ya ji. In ka yanka abu da wuƙa ko almakashi a kansa, fentin zai karce, in kuma ruwa ya kwana a wurin karcewar, tsatsa ce za ta biyo baya. Ni tsumma mai ɗan danshi nake sa masa, in bi da busasshe nan take. In ya yi danƙo, ɗigon sifirit a auduga ya isa, sai dai ka fara gwadawa a bayan tiren, don akwai fentin da sifirit ke ɗagawa. Kuma don Allah kada wani ya mayar maka da shi wurin kashe guntu. Wuta tana ƙona fentin, warin toka kuma ya shiga tabar da za a naɗa gobe. Ajiye abin zuba toka daban, kusa da wanda ka san ya fi kowa ganganci.

Wani abu da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne launi. Na taɓa aron wani mai baƙin gindi da zane-zane birjik, sai na ga taba tana ɓacewa a cikin zanen, sai ka bi da tafin hannu kafin ka san inda take. Nemi mai launi ɗaya mai haske, ko mai ƙarancin zane. Zanen da ya burge ka a rana ta farko, bayan sati ɗaya ba ka ƙara ganinsa, kaya sun rufe shi.

Na gora kuwa, to, yana da kyau a ido, wannan ba zan hana shi ba. Shi ya ja ni na saya: ga ramin laita, ga tsagar ajiye takarda, ga ƙananan huji na tsayar da naɗaɗɗe. Da na fara aiki da shi sai na ga duk waɗannan ramuka filin naɗi suka cinye, kuma kowane rami ma'ajiyar ɓurɓushi ne da sai da tsohon burushin haƙori ake fito da shi. Lungunsa a tsaye yake, kati ba ya shiga. Na yi kuskuren wanke shi da ruwa sau ɗaya, ya bushe ya ɗan karkace, tun daga nan yake rawa a kan tebur, saboda sillayen gora ne aka jera aka manne da gam, ba su son jiƙa. In tiren zai zauna wuri ɗaya ne, mutum ɗaya ke amfani da shi, kuma kana da haƙurin shafa masa mai lokaci-lokaci, zai yi. Ni ba ni da wannan haƙurin.

Na roba ba ka tambaya ba, kuma gara haka. Ka tuna yadda biro ke ɗaukar guntun takarda in ka goga shi a gashi? Haka busasshiyar taba ke manne masa.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa: ka yi hattara da masu sayarwa, musamman a intanet. Kalmar babba ba ta da ƙa'ida, kowa da nasa babban. Wani zai ɗauki hoton tiren shi kaɗai a farin fili, babu hannu babu laita a kusa, ka gan shi a hoto kamar faifai, in ya iso ka ga bai fi littafin aljihu ba. Wani ya rubuta lamba ba tare da ya ce inci ba ne ko santimita, alhali inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka 14 na inci da 14 na santimita sama da ƙasa ne. Wani kuma awon waje zai ba ka, daga baki zuwa baki, bayan gefen da lanƙwasar sun cinye santimita biyu ko uku na filin da za ka yi aiki a kai. Akwai masu nuna murfi a hoto, a ƙasa can da ƙananan haruffa an ce daban ake sayensa. Akwai masu haɗa maka murfin maganaɗisu da tiren alminiyam, shi kuwa alminiyam maganaɗisu ba ya kama shi, sai dai murfin ya zauna a kai kamar hula. A ɓangaren gora ma ana yi: garin katako ne aka matse da gam aka liƙa masa fatar gora a sama, ruwa na taɓa shi ya kumbura. Duba gefen da aka yanka, gora ta gaske za ka ga ɗigo-ɗigon jijiyoyinta. Sunan babban kamfani a jiki ma ba shaida ba ne, ana buga na jabu.

In a hannu za ka saya, tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. Danna tsakiyar tiren da babban yatsa: in ya lotsa ya dawo da ƙara, ya yi siriri, irin wannan ne ke watsa taba sama in ka ɗauke shi da hannu ɗaya daga cinya. Bi bakinsa da yatsa ka ji ko an naɗe shi ciki, don wanda ba a naɗe ba yana yanka. Goga farin tsumma a gindin, in launi ya biyo, ajiye musu kayansu, wannan fentin a tabarka zai ƙare. Gefen kuma kada ya gaza santimita biyu a tsayi.

In kuwa daga nesa za a aiko maka, ce wa mai kayan ya shimfiɗa tef ɗin awo a cikin tiren, daga lungu zuwa lungu, ya ɗora murfin a gefe, ya turo maka hoton. In ya fara kwana-kwana, wuce gaba.