Amfilifayar jitar bes: kombo ko kai da akwati daban?

Tambayar da masu kaɗa bes, jita mai kaurin sauti, ke yawan yi ke nan: a sayi kombo, mai inji da lasifika a akwati ɗaya, ko a sayi kai, wato injin ƙara sautin shi kaɗai, daban, akwatin lasifika daban?

Ta fannin kuɗi da ɗauka, kombo ya fi sauƙi. Fender Rumble 100 kusan kilo 10 ne, da hannu ɗaya ake ɗaukarsa. Akwatin Ampeg mai lasifika takwas kuwa ya haura kilo 60, sai mutum biyu.

Inda masu kai da akwati ke ƙona kaya shi ne lissafin ohm, ma'aunin turjiyar lasifika ga lantarki. Akwati biyu masu ohm 8 in aka jona su sun koma ohm 4, yawancin kawuna za su ɗauka. Biyu masu ohm 4 kuwa sun koma 2, yawancin injuna sai su yi zafi su ɗauke. Kai mai bawul, wato mai aiki da kwalaben gilashi masu ƙara sauti, kada a kunna shi ba lasifika, tiransifomarsa ce za ta tafi. Wayar jita ma ba ta lasifika ba ce, siririya ce, in aka jona kai da akwati da ita zafi take yi.

Sai dai in kombo ya lalace, duka za a kai wa mai gyara.

Mai koyo da mai wasa a ƙaramin ɗaki, kombo ya ishe su. Mai wasa a fili kusa da mai ganga, yana son ƙara akwati nan gaba, ya sayi kai daban.