Kamfanin Ɗalibai na Junior Achievement: Inda Yake da Ƙarfi da Inda Yake Ɗingishi

Ƙungiyar Junior Achievement ta samo asali ne a Amurka a 1919, reshenta na Najeriya kuma Simi Nwogugu ce ta kafa shi a 1999. Shirinta da ya fi shahara a makarantun sakandare shi ne Company Program. A cikinsa ɗalibai ke kafa kamfani na gaske da kuɗi na gaske: su sayar da hannun jari, su zaɓi shugabanni, su ƙera kaya su sayar, daga ƙarshe su rufe kamfanin su raba riba ko asara. Waɗanda suka yi fice sukan shiga gasar ƙasa ta Company of the Year, zakaran ƙasa kuma ya wakilci Najeriya a gasar Afirka.

Tsarin yana da kyau, kuma kyansa a rufe kamfanin yake. Darasin kasuwanci na aji yakan tsaya a rubuta tsari a takarda. Nan kuwa akwai ranar hisabi, ranar da ɗalibin da ya karɓi naira 500 daga hannun gwaggonsa zai koma ya faɗa mata nawa kuɗinta ya haifa. Ba rance ba ne mai ruwa, tarayya ce, a ci tare a yi asara tare, don haka iyayen da ke gudun kuɗin ruwa ba su da abin ƙyama a ciki.

A ɗauki misali don a ga yadda lissafin ke tafiya. Ɗalibai 20 sun sayar da hannun jari 100 a kan naira 500, jari ya kama naira 50,000. Kayan da za su yi, a ce jakar makaranta ta yadi, kowace ɗaya tana cin 700 na yadi da zare da zif, 150 na leda da tambari, 50 na mota, a ware 100 don wadda za ta lalace a ɗinki. Jaka ta tsaya a 1,000, a sayar 1,500. Akwai kuma kuɗin da sai an kashe ko an sayar ko ba a sayar ba: buga rahoto, allon talla, gyaran rumfar baje koli, a ce 12,000. Sai an sayar da jaka 24 kafin a mayar da wannan kaɗai. Idan aka yi jaka 30 aka tsaya, ribar duka naira 3,000 ce, wato naira 30 a kan kowane hannun jari. Idan aka juya kuɗin sau uku aka sayar da 90, riba ta kai 33,000. A nan ƙungiyoyi da yawa ke faɗuwa. Suna cinye makonni suna gardamar suna da launin tambari, sai a wayi gari lokacin juyi ɗaya kawai ya rage, ga jarrabawa ta ƙarato.

Abu na biyu da ke kashe kamfanin ɗalibai shi ne bashi. Malami ya ɗauki jaka biyu sai ƙarshen wata, babban ɗalibi ya ɗauka sai ya dawo hutu, ma'aji kuma yarinya ce 'yar shekara 16 da ba za ta iya tsare malaminta ta ce ya biya ba. Maganinsa doka tun zaman farko, a rubuce, shugaban makaranta ya sa hannu: kuɗi hannu, kaya hannu. Littafi biyu ake buƙata, na shige da ficen kuɗi da na kaya, a hannun mutum biyu daban, a gwada su duk ranar Juma'a. Idan littafin kaya ya ce an fitar da 18, na kuɗi ya nuna kuɗin 15, a nemo ukun nan a ranar. Bayan wata guda babu mai tunawa.

Batun shugabanci, shirin ya bar wa ɗalibai zaɓe, kuma daidai ne, sai dai zaɓen yara kusan kullum mai baki yake bi. Wanda ya fi iya Turanci da tsayuwa gaban jama'a ya zama shugaba, abokinsa ya zama ma'aji. Mai ba da shawara, wato babban da ke yi wa ɗaliban jagora a shirin, in ya san aikinsa yakan sa kowane ɗan takara ya gwada kujerar kafin ƙuri'a: mai son ma'aji a ba shi rasidai goma a hargitse ya shigar da su littafi, mai son sashen talla ya sayar da abu ɗaya ga wanda bai sani ba a bakin ƙofar makaranta. Shugaba kuwa aikinsa bai wuce ya raba aiki da suna da rana ba, ya kuma bi sawu. Ƙungiyar mutum 20 da ba a yi mata haka ba takan koma ta mutum biyar, sauran sai ranar ɗaukar hoto.

Wajen ƙirƙira, sabulun ruwa da turaren tsuguno da man shafawa sun yi yawa. Ba laifi ba ne, suna sayuwa, amma alƙalin gasa ya ga irinsu har ya gaji. Kamfanin Inventive Explorers na makarantar Caro Favoured College da ke Ajegunle a Legas ya ci gasar Afirka ta 2018 da fitilar ba wa motoci hannu a titi, ta riƙewa a hannu, wadda ake caji. Abin lura shi ne matsalar da suka ɗauka tana bakin titinsu, kowa na ganinta. Hanyar samun irin wannan mai sauƙi ce: kafin a yanke abin da za a ƙera, kowane ɗalibi ya tambayi mutum biyar, mai shayi, mai ɗinki, mai markaɗe, abin da ke ci musu kuɗi ko lokaci kullum. A yi samfuri biyar kacal, a sayar wa baƙi, ba dangi ba. Uwa za ta saya ko da zif ɗin a karkace yake, cinikinta ba ya nuna komai.

Gasar kanta ana auna ta ne da rubutaccen rahoton kamfani, da jawabi a dandamali, da rumfar baje koli, da ganawa da alƙalai. A nan ɗingishin yake. Komai da Turanci ake yi, kuma dandamali yana fifita wanda ya saba da majigi da makirufo. Ɗalibar makarantar gwamnati daga Gumel ko Dutsin-Ma tana iya fin kowa sanin kasuwancinta, ta kasa nuna hakan cikin 'yan mintoci. Akwai kuma makarantun da malami ke yin aikin, yara su haddace jawabi. Ganawa da alƙalai ce ke tona wannan, domin tambaya ɗaya ta isa: nawa kowace jaka ta tsaya muku, kuma me ya sa? Saboda haka atisayen da ya fi amfani ba maimaita jawabi ba ne. A zaunar da kowa, har mai yankan yadi, a riƙa jefa masa tambayar lissafi ba tare da ya san wadda za ta zo ba.

Ingancin shirin ya rataya ne a kan mai ba da shawara, wanda galibi ɗan sa-kai ne mai nasa aikin. In yana zuwa kowane mako, shirin ya cancanci lokacin da zai ci. In sai ya ga dama, gara a jinkirta. Shugaban makarantar da ke son shiga ya fara tabbatar da wanda zai riƙa zuwa da ranar zuwansa, ya haɗa shi da malami ɗaya da zai tsaya a kai ba tare da ya taɓa kuɗin ba, ya kuma sa ranar rufe kamfani aƙalla mako biyu kafin jarrabawar zango.