Kafin ka ƙara wa motar shiga daji fitilu, duba yadda za ka haɗa wayarin ɗin

Duk mai motar shiga daji ya san yadda abin ke farawa, yau ka sa doguwar fitila a saman rufi, gobe famfon iskar taya, jibi firiji, kowanne da wayarsa an ɗaure a kan batir, wata rana ka ɗaga bonet ka ga wayoyi sun cukurkuɗe ko mai wayarin ɗin da ya haɗa bai san wacce ce wacce ba. Toh kafin ka sayi komai fara lissafi. Wat ɗin kaya ka raba da 12, shi ne amfiyar da yake ja, fitila mai wat 120 kenan amfiya 10. Ka tara duka, jimillar ce za ta zaɓa maka irin haɗin da za ka saya.

In kayanka biyu ne ko uku, wayar da ake sayarwa a haɗe da rile ɗinta (makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babba) da fis da makunni ta isa, ba ruwanka da dogon tunani. Daga na huɗu ne take zama bala'i.

Ni dai wanda na fi so shi ne akwatin fis. Waya ɗaya mai kauri daga batir zuwa akwatin, daga nan kowane kaya ya ɗauki layinsa da fis ɗinsa. Na kamfanin Blue Sea akwai mai gida 6 da mai 12, yana ɗaukar amfiya 100 gaba ɗaya, kowane gida bai wuce 30 ba, kuma ka nemi mai wurin haɗa nagatif don kar ka yi ta huda bodi. Aikinsa ya fi yawa gaskiya, don sai ka sa rile da makunni daban, ka ratsa wayoyi zuwa cikin mota. Amma ranar da abu ya mutu a tsakiyar daji, rile ce ko fis za ka zare ka maye da wata, shikenan ka ci gaba da tafiya.

Sai masu allon makunni irin su sPOD da Switch-Pros da Auxbeam, akwati ɗaya a cikin bonet, waya ɗaya tak ta shiga ciki zuwa allon maɓallai, wasu ma da wayar hannu ake kunna su. Switch-Pros SP9100 layi 8 gare shi, amfiya 125, ba rile ba fis a layukan, in an yi shot da kansa yake yankewa. Tsaf kam ba a magana, sai dai tsada, kuma in akwatin ya lalace duk kayanka sun mutu lokaci guda, ba abin da za ka gyara a gefen hanya. Masu arahar ciki ka duba jimillar amfiyarsu da kyau, maɓalli 8 ba yana nufin za ka kunna manyan kaya 8 tare ba.

Winci kuma, wato injin igiyar janyo mota in ta maƙale, kar ma ka fara haɗa shi da waɗannan akwatunan, yana jan amfiya 300 zuwa sama in ya ɗau nauyi, kai tsaye yake zuwa batir da tasa wayar.

Inda mutane ke cutar kansu shi ne waya. Akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, a ido iri ɗaya amma ba ta ɗaukar wuta kamar ta jan ƙarfe zalla, ga saurin ruɓewa in ta sha laka. Ka kankare bakinta, in ka ga fari ka ajiye. Babban fis ko bireka ya zauna dab da batir, don waya yake karewa, duk tsawon da ka bari kafin fis in ya gogi ƙarfe a gargada wuta ce. In kana ratsa ruwa ka nemi akwati mai lambar IP67, wato wanda ƙura ba ta shiga kuma yake jure ɗan nutsewa a ruwa, inda waya ta bi ta ramin ƙarfe ka sa mata roba, sannan ka rubuta sunan kowane layi a murfin tun kana tunawa.