A yi hattara da mai tallan jita mai tsirkiya 12 a intanet

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman masu harkar kiɗa da 'yan situdiyo na nan Sakkwato har zuwa su Illela da ƙetaren Kwanni. Na daɗe ina jan ƙafa da wanga rubutu saboda kunya, to amma jiya da dare wani yaro ya turo min hoton da anka cuce ni da shi, sak, har da jan kafet ɗin da anka jingina jitar a kai, yana tambayata wai yaya in tura kuɗɗin ko in dakata, shi ne na ce to shiru ya ƙare.

Akwai wani mutum, ko in ce gungu don ban yi tsammanin shi kaɗai ne ba, da ke tallan jita mai tsirkiya goma sha biyu a Facebook da WhatsApp, irin manyan nan masu ado da sheƙi. Ba zan kama suna ba don sunan ma ba nashi ba ne, cikin wata huɗu sau uku shina canza shi, kuma ƙila mai ainihin sunan wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Amma salon nashi ba ya canzawa, shi nake so ku riƙe.

Ni na kai shekara takwas ina kaɗa jita mai tsirkiya shida, kuma duk wanda ya taɓa jin mai 12 ana kaɗa ta kusa da kunnenshi ya san abin da ya sa mutum ke kwaɗayinta. Tsirkiyoyin bibbiyu suke, layi shida, layi huɗu na ɓangaren kauri kowace mai kauri an haɗa ta da siririya mai murya sama da tata, layi biyun ƙarshe kuma tagwaye ne murya ɗaya, in ka ja hannu sau ɗaya sai ka rantse mutum biyu ne ke kaɗawa. To wagga sha'awa ce ta kai ni.

Na yi mashi magana na ce oga kana da mai 12? Ya ce haba ranka ya daɗe, wace ƙira kake so, jambo ko dirednot ko giran-oditoriyam ko ƙarama giran-konsat, duk akwai a sito, Martin, Taylor, Guild, Gibson, mai adon abalon (ɓawon wata halittar teku mai sheƙi) zagaye da jiki ko mai ado a wuya kawai, ka zaɓa yau a ɗora maka a mota gobe. Wallahi tun a nan ya kamata in farka, don wagga amsa ita ce babbar shaidar ƙaryar, ni kuwa ita ce ma ta faranta min rai.

Bari in yi bayani don wanga shi ne ainihin abin da nake so a gane. Jita mai tsirkiya 12 ba kayan tari ba ce ko a can inda ake ƙera ta. Kamfani zai fitar da samfuri masu yawa na mai shida amma mai 12 'yan kaɗan ne a jerin kayanshi, kuma kowane kamfani akwai ƙirar da anka san shi da ita. Guild an san su da jambo, F-512 ɗin nan mai faɗin inci 17 a ƙugu, ita ce mai cika ɗaki da amo. Martin da ke garin Nazareth a jihar Pennsylvania ta Amurka dirednot ce tasu, su sunka fito da ƙirar ma, mai 12 ɗinsu da anka fi sani irin su D12-28 ce. Taylor na El Cajon a Kalifoniya su sunka zo da giran-oditoriyam a 1994, kuma suna yin ƙananan masu 12 a jikin giran-konsat irin su 562ce da 652ce don wanda babba ke yi ma nauyi a cinya. In kuma ka zo kan masu ado na ƙarshe, waɗanda ake zaunawa a yanka ɓawon abalon gutsure gutsure a dasa shi cikin katako da hannu, irin salon 45 na Martin, to mai 12 a wanga mataki yawanci sai an yi oda ka jira watanni, kuma kuɗɗinta dubban daloli ne, ka juya su zuwa naira ka ga miliyan nawa. Manyan shagunan Turai da Amurka ma ba kullum za ka tarar da duk ƙirar nan jere a bango ba, sai wani da ba a san shagonshi ba ya ce duk suna sito kamar buhunan albasa a kasuwa.

Na zaɓi jambo. Ya ce dubu 480, wai kayan gwanjo ne na wani coci da anka rufe a Turai shi ya sa arha. Na ce a yi kiran bidiyo in gani, ya ce sito ba sabis, amma ya turo bidiyo na daƙiƙa goma sha, hannun wani na juya jita ba fuska ba murya. Ya ce kafin alƙalami dubu 200 sauran in kaya sun iso tasha. Na tura. Sunan da ya fito a akawun daban da sunan shafin, na tambaya ya ce na madam ne. Na haɗiye.

Bayan kwana biyu ya turo hoton takardar webil da kwali an naɗe da salatif. Kwana na uku sai wani ya kira ni da wata lamba wai shi direba ne, 'yan kwastan sun tare su a hanya sun ce katakon jitar haramtacce ne sai an biya dubu 65. Kun ga wayon, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki, akwai wani katako na Barazil da ake kira rozwud wanda yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke shirin ƙarewa, ta sa ma tsauraran takunkumi tun 1992, duk mai bin harkar jita ya taɓa jin labarin, to da wanga suke kama mu masu ɗan karance-karance. Na tura 65 ɗin ma. Da sunka dawo da zancen inshora dubu 40 na ce a'a a maido min da kuɗɗina na fasa, minti biyar ba a yi ba anka yi bulokin ɗina ta ko'ina. Dubu 265, kuɗɗin da na yi wata bakwai ina tarawa daga aikin biki da na situdiyo, har yau maiɗakina in ta ga ina duba waya da dare sai ta ce Allah ya sa ba jambo ba ce.

Ni ban samu komi ba, amma akwai wani abokina a Mabera da shi kaya sunka iso mashi, kuma wani lokaci ina ganin gara ni. Ya biya cikakke, kwali ya zo tasha, munka je tare munka ɗauko a keke napep muna ta murna. Daga nesa wallahi kyakkyawa, kai ɗauke da sunan babban kamfani da ruwan zinari, ado shuɗi da kore zagaye da baki. Munka kai ta wurin wani dattijon kafinta da ke gyara mana kayan kiɗa, bai ko kaɗa ta ba, ya kunna tocilar wayarshi ya leƙa cikin ramin da ke fuskar jitar ya daɗe shina kallo, sannan ya ce ɗana nawa ka ce ka biya? Abokina ya faɗi. Ya ce innalillahi, zo ka gani da idonka.

Ya nuna mana gefen ramin, inda kaurin katakon fuska ke bayyana. A jita ta gaske gudan katako ne, zanen jijiyar itacen zai bi ya gangara har cikin kaurin, wagga kuwa hawa uku ne a manne kamar biredi da bota, filawud ne kawai anka shafa ma fenti. Ya sa farce a bakin adon nan sai ga shi ya ɗago, ashe sitika ce ƙarƙashin wani siririn vanish, alhali abalon na gaske a cikin katako yake a dashe, gutsattsari ne masu mahaɗa, in ka karkata shi a haske launi na sauyawa. Cikin jitar duk gam ya zuba ya bushe, ƙurar zarto ma ba a share ba. Sannan lambar siriyal, ita Martin alal misali ana buga tata ne jikin guntun katakon da ke riƙe wuya daga ciki, kana iya ganinta ta rami, kuma kamfanin na da jadawalin da za ka duba lambar ka san shekarar da anka ƙera ta, wagga kuwa wata 'yar takarda ce anka like da gam har ta fara naɗewa.

Abin da ya ƙarasa ta shi ne nauyin tsirkiya. Mutane ba su san cewa tsirkiya 12 in anka ɗaure su daidai suna jan jikin jita da ƙarfin da ya haura kilo 100 ba, ka ce buhun siminti biyu ne rataye da ita dare da rana, shi ya sa ake ƙara ma ta gaske ƙarfi daga ciki. Wagga sati biyu ta yi, hunturu ya shigo, jakin da tsirkiyoyin ke zaune a kai ya fara ɗagowa daga baya har kana iya zura katin ATM ƙarƙashi, fuskar ta kumbura, wuya ya lanƙwashe tsirkiya ta yi nisa da shi sai ka danna da ƙarfin tsiya yatsu na zafi. Wata safiya ya tashi ya tarar jakin ya ɓalle gaba ɗaya shina reto. Arha dai ba ta ado.

A nan ma bari in ɗan kauce, ko ta gaske ce ka samu ka sani garinmu ba ya raga ma katako. Masu ƙera su na cewa a ajiye su inda danshin iska ke tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa hunturunmu har leɓe tsagewa yake balle siririn katako, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Sai ka ajiye ta cikin akwatinta da ɗan jiƙaƙƙen soso a leda mai huji, kar ka bar ta a mota ko jingine da bangon da rana ke duka. Kuma tsirkiyar ma saitin 12 ni dai sai na yi saƙo Legas ko Abuja nake samu, ga siririyar nan ta layin da ake kira G da ba ta da aiki sai tsinkewa.

Don haka in kun ga tallan, ku ɗauki hoton ku sa a Google Lens, manhajar nan mai nemo inda hoto ya fito a intanet, ni da na yi daga baya sai ga jitata jingine a shafin wani shago na ƙasar waje, kafet ɗin da komi. Ku ce a yi kiran bidiyo kai tsaye, ya rubuta sunanku da kwanan wata a takarda ya aza kan jitar, ya haska cikin ramin ku karanta lamba, ya ƙirga kunnuwan ɗaurin nan guda 12 a gabanku ya kaɗa ku ji. In ya fara zancen ba sabis ko yaron sito ya fita to kun gane. In kana da ɗan uwa a Legas ka tura shi ya riƙa ta da hannunshi kafin ka saki ko sisi, a daina cinikin biri a sama. Wanda kuma ƙarfinshi bai kai ba ba abin kunya ba ne ya nemi irin su Yamaha FG820-12, ba ta da wani ado amma sunanta na gaske ne kuma za ta yi maka aiki shekaru.

Wanda anka riga anka cuta ya adana sikirinshot na hira da rasit ɗin tura kuɗɗi, ya je bankinshi da wuri ya shigar da ƙorafi, sannan akwai ofishin EFCC nan Sakkwato, mu mun kai namu tare da abokina kuma in munka yi yawa maganar za ta fi nauyi, ku yi min magana ta inbos mu haɗa takardu. Jitar bogin tana nan rataye a situdiyo ban bari ya jefar ba, duk mai son ya ga yadda sitikar take da idonshi ya biyo bayan la'asar. Shi kuwa mutumin shekaranjiya ya sake sabon suna, yanzu wai ya ƙaro masu launin baƙi, saura uku kacal.