Roland UM-ONE mk2: igiyar da ta haɗa tsohon fiyanon kawuna da kwamfuta

Wata takwas ke nan ina aiki da igiyar Roland UM-ONE mk2 a ɗan ɗakin da nake haɗa kiɗa a unguwar Bukoki, a nan Yamai, kuma na ga ya kamata in faɗi abin da na gani game da ita, domin matasan da ke kawo mini fiyanonsu kusan duk tambayarsu ɗaya ce: yaya za a yi kwamfuta ta riƙa rubuta abin da suke kaɗawa?

Fiyanon da nake amfani da shi Korg M1 ne, irin mai ƙirƙirar sauti da kansa wanda ake kira sintesaiza. Ya fito a 1988, tun kafin a san USB, kuma kawuna ya yi shekaru yana kiɗan biki da shi kafin ya bar mini. A bayansa akwai ramuka uku masu zagaye, kowanne da ƴan huda biyar, an rubuta IN, OUT da THRU. Waɗannan su ne ƙofofin MIDI, tsarin da aka fito da shi a 1983 domin kayan kiɗan kamfanoni daban-daban su fahimci juna, kuma Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa kamfanin Roland, yana cikin waɗanda suka assasa shi tare da Dave Smith na Amurka. Aikin wannan igiya shi ne ta ɗauki saƙon MIDI daga waɗannan ramuka ta kai shi kwamfuta ta USB, ta kuma dawo da shi.

Abin da nake so mai saye ya riƙe tun kafin ya zaro kuɗinsa shi ne, MIDI ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan. Abin da ke bi ta cikin igiyar umarni ne kawai: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi a ma'aunin da ke tsayawa a 127, yaushe aka sake shi, kuma a wace tasha, wato layin da saƙon ke bi, daga cikin tashoshi 16. Saboda haka wanda ya haɗa igiyar ya buɗe manhajar haɗa kiɗa irin su FL Studio ko Cubase zai iya kaɗa sautukan da ke cikin kwamfuta da yatsunsa, zai kuma iya gyara kuskuren kiɗa bayan ya gama, amma muryar fiyanon kanta ba za ta shiga ba sai an ja wata waya daga mafitar sautinsa zuwa akwatin ɗaukar sauti. Na sha ganin yaro ya ɓata rai yana cewa an sayar masa da matacciyar igiya, alhali lafiyarta ƙalau, aikin da yake nema ne ba nata ba.

Kafin in same ta na fara da wata igiya mai araha da ba ta da sunan kamfani a jiki, wadda na saya a wani shago cikin gari. Idan na danna maɓalli ɗaya tana yin daidai, amma da zarar na haɗa huɗu ko biyar na taka abin riƙe sauti na ƙafa, sai wani amo ya maƙale yana ta kuka har sai na kashe fiyanon. Da Roland ɗin ban ga wannan ba ko sau ɗaya, har a kiɗa mai sauri irin na rawar biki inda ganga da kalangu da jitar bas ke tafiya a tashoshi daban-daban lokaci guda.

Inda ta fi burge ni shi ne wajen adana sautukan fiyanon. M1 yana riƙe sautukan da aka tsara masa ne da taimakon wani ɗan ƙaramin batir a ciki, kuma ranar da batirin ya ƙare, abin da ke ciki ya tafi. Kawuna ya ɓata lokaci mai yawa yana gyara wasu sautuka domin su yi kusa da algaita da gurmi, kuma ban so in rasa su ba. Ana kwashe su zuwa kwamfuta ta wani dogon saƙo da ake kira SysEx, wanda in ya yanke a tsakiya bai da amfani. Tsohuwar igiyar ta kasa, wannan kuwa ta kwashe su duka a karon farko. Da na gaya wa kawun nawa, cewa ya yi: "Ɗana, ka ajiye su wuri biyu, kada ka dogara da kwamfuta ɗaya." Na bi maganarsa.

Haɗawar ba ta da wuya. Kawunan igiyar biyu an rubuta a jikinsu ramin da kowanne zai shiga, wanda ya rage ruɗanin da aka saba yi tsakanin IN da OUT, kuma akwai ƴan fitilu da ke ƙiftawa duk sa'ad da saƙo ya wuce, ta yadda mutum zai gane nan take ko matsalar daga fiyano take ko daga manhaja. Wuta daga USB take sha, ba ta bukatar caja. Akwai ɗan makunni mai gefe biyu, COMP na kwamfuta, wanda ke bukatar direba na Roland, wato ƴar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane igiyar, da TAB na na'urori irin su iPad. Shawarata ita ce a sauke direban a inda intanet ke da ƙarfi a ajiye shi. Sannan a shiga saitin fiyanon a kashe abin da ake kira Local, wanda ke haɗa maɓallan da sautin fiyanon kai tsaye, in ba haka ba kowane amo zai iya fita sau biyu, ɗaya daga yatsa, ɗaya daga kwamfuta.

Game da jinkirin da wasu ke kuka da shi tsakanin danna maɓalli da jin sauti, adalci ne a wanke igiyar. MIDI yana tafiya da bit 31,250 a daƙiƙa, wato saƙon maɓalli ɗaya yana cin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Jinkirin yakan fito ne daga ɓangaren sautin kwamfuta, kuma maganinsa direban sauti mai rage jinkiri da ake kira ASIO, da rage girman ma'ajin sauti, wato buffer a saitin manhaja, zuwa 256 ko 128, gwargwadon ƙarfin na'urar.

Tana da iyakarta. Shiga ɗaya gare ta da fita ɗaya, don haka mai fiyano biyu ko uku zai fi jin daɗin akwati mai ramuka da yawa, kuma wayoyinta a manne suke da jikinta, abin da ya sa nake naɗe ta a hankali, in sa ta cikin jaka saboda ƙurar hunturu. Kuɗinta ma ya ninka na marasa suna, ko da yake ni a ganina ta ci kuɗinta. Wanda kuwa fiyanonsa sabo ne, kamar yawancin samfurin Yamaha PSR na yanzu masu ramin da aka rubuta USB TO HOST, ba ya bukatarta sam, domin igiyar firinta ta yau da kullum za ta yi masa wannan aiki.